Rubutun Buhu Ba Shi Ne Hatsi Ba: Yadda Shafukan Rajista Ke Ƙin Takardun 'Ya'yanmu

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwannin Arewa, daga Matankari har Kore Mai Ruwa, ya san rubutun da ke jikin buhu ba shaida ba ne. Buhun da aka buga wa tambarin shinkafar waje, yau gero ne a cikinsa, gobe wake, jibi ƙila rabinsa yashi idan mai shi ba ya tsoron Allah. Shi ya sa ba mai biyan kuɗi sai ya kwance bakin buhu ya cusa hannu, mai wayo ma har gindin buhun yake kaiwa. Wannan ilimi da kowace tsohuwa ke da shi ya gagari da yawa daga cikin shafukan intanet da ake tilasta wa 'ya'yanmu ɗora takardunsu a kai. Shafin yana karanta rubutun buhu ne kawai, ya yanke hukunci, kuma hukuncin nan yana iya cin shekarar karatun yaro.

Lokacin da muka fito daga makarantar horon malamai, takardun ɗalibi abu ne da ake riƙewa a hannu. Darakta zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya duba takardar haihuwa, ya duba hoto, ya dubi hatimi, idan wani abu ya yi kuskure ya aika a kira uban yaro. Yanzu neman gurbi a jami'a, neman tallafin karatu, shiga gasar ɗaukar aiki, har da wasu kwasa-kwasan da ake shirya mana mu malamai, sai ƙara komawa intanet suke. Ni ban ƙi wannan ba. Wanda ya san kuɗin mota daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, da kwana a gidan dangi, da layin da ake bi tun asuba, ba zai yi kewar tsohon tsari ba. Amma a lura da abin da ya canza: magatakardan da ke karɓar takarda an maye gurbinsa da 'yan layukan umarni da wani matashi ya rubuta a kwamfutarsa. Wannan sabon magatakarda ba ya jin roƙo, ba ya bayani, ba a iya samunsa a gida bayan sallar la'asar. Don haka ya kamata mu san yadda yake tunani, mu kuma nemi a gyara masa tunanin.

Kowane fayil yana da suna, kuma a ƙarshen sunan akwai 'yar wutsiya bayan ɗigo: .pdf ko .jpg ko .docx. Wutsiyar nan ita ce rubutun buhu. Kowa na iya goge ta ya rubuta wata, abin da ke ciki bai canza ba ko da ƙwaya ɗaya. Idan aka ɗora fayil a shafi, manhajar da ake shiga intanet da ita takan haɗa shi da wata 'yar sanarwa mai cewa "wannan hoto ne" ko "wannan PDF ne". Tsarin wannan sanarwa, da ake kira MIME, tun 1992 aka ƙirƙiro shi saboda wasiƙun imel. Masu gina shafi da yawa suna ɗaukar ta a matsayin shaida ta biyu, alhali yawanci manhajar wutsiyar ta duba ta rubuta sanarwar, kuma mai mugun nufi yana iya rubuta duk abin da ya ga dama a wurin. Wato an kawo shaidu biyu, amma na biyun daga bakin na farko ya ji labari.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin fayil ɗin kansa. Kusan kowane nau'i yana farawa da wasu alamomi nasa na gado, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum tun kafin ya buɗe baki. PDF yana farawa da %PDF. Hoton JPEG yana farawa da lambobin FF D8 FF. Hoton PNG yana ɗauke da haruffan PNG a farkon farawa. Manhajar da ke tashi a Windows tana farawa da MZ, haruffan sunan Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin injiniyoyin Microsoft na farko-farko, shi kuma ƙunshin ZIP yana farawa da PK, sunan Phil Katz da ya fito da shi a 1989. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1973 tsarin Unix ke da ɗan umarnin da aikinsa ke nan, ya leƙa cikin fayil ya faɗi ko mene ne. Abin da aka sani fiye da shekara hamsin, kuma kayan aikinsa kyauta ne, babu uzurin a bar shi a gina shafin da makomar yara ta rataya a kai.

Ga yadda rashin yin hakan ke faɗowa a kanmu. Wata ɗalibata ta dā, 'yar wani ƙauye a ƙasar Tibiri, ta ci jarrabawar Bak, ta zo gari ta cike takardun neman gurbi a wani shafi da ba sai na faɗi sunansa ba. An nemi hoton fuska. Yaron da ke aiki a shagon intanet ya sauke hoton da aka turo masa, kwamfutar ta ajiye shi da wutsiyar .jfif, abin da kan faru a wasu kwamfutocin Windows. Hoton nan JPEG ne tsantsa, wutsiyar ce kawai ta bambanta. Shafin ya ƙi. Ya fito da jan rubutu na kalma biyu da Faransanci, wai fasalin bai dace ba, bai ƙara ko harafi ba. Aka sake, aka sake, wuta ta ɗauke, aka ce ta dawo gobe. Kwana uku tana biyan kabu-kabu. Mahaifinta ya same ni da wayarsa a hannu yana nuna mini hoton, ya ce: "Mushe, wanga hoto ba na ɗiyata na ba? To mi ya hana shi shiga?" A rana ta uku yaron shagon ya goge wutsiyar ya rubuta .jpg, sai shafin ya karɓa nan take. Hoto ɗaya, ba a taɓa ko ɗigo a cikinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yaron shagon ya ɗauka daga wannan. Ya gane cewa shafin suna kawai yake dubawa, don haka duk abin da ya ƙi shiga sai ya canza masa wutsiya. Takardar da aka rubuta da Word, ya sa mata .pdf ta wuce. A wajensa ya taimaki mutane, kuma ni ban ga laifinsa ba, shafin ne ya koya masa. Sai dai ranar da ma'aikacin da ke can ofis zai buɗe wannan "PDF", kwamfutarsa za ta ce fayil ya lalace. Ba zai kira kowa ba, zai ajiye takardun a cikin waɗanda ba su cika ba. Yaro kuma yana gida da 'yar takardar shaidar cewa an karɓa, yana jiran sunansa ya fito. Shafi ɗaya ya kori mai gaskiya, ya buɗe wa jabu ƙofa, kuma dalilin duka biyun guda ne.

Kada a ce wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A watan Mayu na 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, hukumar College Board ta Amurka ta shirya jarrabawarta ta AP a intanet. An yarda ɗalibi ya rubuta amsa da hannu, ya ɗauki hoto, ya ɗora cikin 'yan mintunan ƙarshe. Amma wayoyin iPhone tun 2017 suna ajiye hoto da wani fasali mai suna HEIC, shafin kuma bai san shi ba. Ɗalibai suka zauna suna kallon allo yana juyawa har lokaci ya cika. Wasu suka yi dabarar yaron shagonmu, suka canza wutsiya zuwa .png, shafin ya karɓa, daga baya aka aiko musu cewa fayil ɗin ba ya buɗuwa. Sai da suka sake zama jarrabawar. Can ƙasa ce da wuta ba ta ɗaukewa, iyaye kuma suna da lauyoyi da jaridu, shi ya sa duniya ta ji. Idan ya faru da yaron Dankasari ko Gesheme, wa zai ji? Za a ce bai yi sa'a ba, ko a ce bai iya kwamfuta ba.

Mu a nan wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka fi yawa, amma matsalar tana zuwa ta wasu ƙofofi. Yayan yaro da ke aiki a Legas ko Aljeriya ya turo hoto daga iPhone. Hoton da aka sauke daga wani shafi ya zo da fasalin WebP, wanda Google ta fitar a 2010. WhatsApp kuma, idan aka tura takarda a matsayin hoto, yakan matse ta har hatimi ya dushe, lambobin takardar haihuwa su zama kamar tururuwa. Duk waɗannan abubuwa ne na yau da kullum, ba dabarar ɓarayi ba. Mai gina shafin da bai yi tunaninsu ba, bai san mutanen da ya gina wa shafin ba.

To, na san amsar da masu fasaha za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce: malam, tsananin da kake kuka da shi kariya ne. Wurin ɗora fayil yana cikin ƙofofin da ɓarayin intanet suka fi so, domin wuri ne da shafi ke cewa baƙo "kawo abin da ka zo da shi in ajiye a ɗakina". Gaskiya suka faɗa. Idan shafi yana duba ko akwai .jpg a cikin suna kawai, ɓarawo zai turo manhaja mai suna hoto.jpg.php, idan kuma aka ajiye ta inda babbar kwamfutar shafin ke iya tayar da ita, to ya samu mabuɗin rumbun gaba ɗaya. Me ke cikin rumbun? Takardun haihuwar dubban yara, hotunansu, sunayen iyayensu, lambobin waya, takardun shaidar ɗan ƙasa. Ba na so a sassauta a kan wannan ko kaɗan.

Amma duba wutsiya ba tsanani ba ne, kamannin tsanani ne. Yana tsare ɗiyar manomi, ba ya tsare ɓarawo, domin ɓarawo ya san abin da yaron shago ya gano a rana ta uku tun kafin ya fara sana'ar. Tarihin wannan yaudara tsoho ne. A farkon watan Mayu na 2000 wata muguwar manhaja da aka sani da ILOVEYOU ta taso daga Filifin ta shiga miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Dabararta ba ta wuce wutsiya biyu ba: sunan fayil ɗin ya ƙare da .TXT.vbs, Windows kuma tana ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ga kamar wasiƙa ce ta rubutu, suka buɗe. Har yau Windows tana zuwa da wutsiya a ɓoye sai mutum ya je da kansa ya ce a nuna. A watan Satumba na 2021 kuma, masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada suka bayyana yadda aka shigar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, cikin wayar wani ɗan fafutuka ɗan Saudiyya. An turo fayil mai wutsiyar .gif, kamar hoton barkwanci mai motsi, alhali cikinsa PDF ne da aka ƙera da mugunta. Mai wayar bai ma taɓa komai ba. Kamfanin Apple, da duk dukiyarsa da injiniyoyinsa, sai da ya fitar da gyara cikin gaggawa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne abin da ke yawo a rukunonin WhatsApp na iyaye da na malamai, musamman idan jarrabawar Birbe ko Bak ta matso. Fayil zai shigo da suna mai jan hankali, wai sakamako ne, ko jerin waɗanda aka ɗauka aiki, ko tambayoyin da suka fita. Idan ka duba ƙarshen sunan sai ka ga .apk. Wannan ba takarda ba ce, manhajar Android ce. Takarda buɗe ta ake yi a karanta. Ba ta neman izinin shiga waya, ba ta neman ganin saƙonninka. Duk "takardar" da ta ce a girka ta, kura ce da fatar akuya. A wayar da ake karɓar kuɗi da aika kuɗi da ita, manhajar da ta samu izinin karanta saƙonni ta samu lambobin sirrin da ake turowa ke nan.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da ke rage wa hujjata kaifi, domin duba alamomin farko ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Takardar Word ta zamani, da ta Excel, da manhajar .apk, dukansu ƙunshin ZIP ne, dukansu da PK suke farawa. Wanda ya tsaya a haruffa biyun farko ba zai bambanta wasiƙar neman aiki da manhajar sata ba. Sai ya kwance ƙunshin ya ga abin da aka jera a ciki. Kuma ɓarawo yana iya manna alamar hoto a farkon fayil, ya biyo da muguntarsa a baya, kamar mai zuba wake mai kyau a bakin buhu. Akwai ma fayilolin da aka ƙera su zama abu biyu a lokaci guda, wannan manhaja ta buɗe ta ga hoto, waccan ta buɗe ta ga wani abu dabam. Saboda haka babu gwaji guda da ke ba da tabbaci ɗari bisa ɗari. Ko Google da ta fitar da wata manhaja mai suna Magika a watan Fabrairu na 2024, wadda aka horar da ita ta gane nau'in fayil daga abin da ke ciki, ƙididdigar yiwuwa take bayarwa.

Abin da masu aiki da hankali ke yi shi ne su daina dogara ga fayil ɗin da baƙo ya kawo. Idan hoto ake nema, shafin zai buɗe shi da manhajar karanta hoto. Idan ya buɗu, sai ya zana sabon hoto daga gare shi, ya ajiye sabon da sunan da shi ya zaɓa, ya jefar da na asali. Idan bai buɗu ba, ba hoto ba ne, ko da wace wutsiya ya zo. Ana yin buɗewar a keɓaɓɓen wuri, domin manhajar buɗe hoto ita ma tana iya samun tsaga, kamar yadda aka gani a 2016 da ImageMagick, wadda shafuka masu yawan gaske ke amfani da ita. Sannan a ajiye fayilolin a ma'ajin da ba abin da ke iya tashi ya yi aiki daga cikinsa. Abin lura shi ne, wannan hanya da ta fi tsare ɓarawo ita ce kuma ta fi sauƙaƙa wa talaka. Shafin da ke sake zana hoto ba ruwansa da .jfif ko HEIC ko WebP. Duk zai karɓa ya maida su fasali ɗaya. Zai rage nauyin hoton da kansa, maimakon ya ce wa yarinyar da ba ta taɓa jin kalmar kilobait ba ta je ta rage. Zai kuma goge bayanan da waya ke ɓoyewa cikin hoto, waɗanda wani lokaci har da daidai wurin da aka ɗauke shi, wato ƙofar gidan yarinyar. Don haka zancen cewa dole a zaɓa tsakanin tsaro da sauƙi, a wannan wuri, ba gaskiya ba ne. Ƙarin aikin kwana kaɗan ne ga mai gina shafi, wanda idan bai yi ba sai a raba wahalar ga dubban gidaje.

Wasu abokan aikina suna cewa mafita ita ce a koya wa yara su juya fayil da kansu. A koya musu, ban ƙi ba. Amma mu duba abin da ke faruwa a zahiri idan shafi ya ce sai PDF mai ƙaramin nauyi. Yaro ko mai shago zai nemi shafin juya fayil na kyauta, ya ɗora takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa a kan kwamfutar mutanen da ba wanda ya san ko su waye, ko a wace ƙasa suke, ko me za su yi da ita. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI da ke Denver a Amurka ya yi gargaɗi cewa wasu daga cikin irin waɗannan shafuka tarko ne, suna juya fayil ɗin kamar yadda aka nema, su haɗo shi da muguwar manhaja ko su kwashe bayanan da ke ciki. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Nijar tana da dokar kare bayanan sirrin mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. A ganina, duk ma'aikata ko makarantar da ƙa'idojin shafinta ke tura iyaye zuwa waɗancan shafuka tana da hannu a abin da ya biyo baya, ko da doka ba ta kama ta ba.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika magana a kai ba. Ku shiga kowane shagon intanet a lokacin rajista ku dubi allon kwamfutar. Takardun haihuwar yaran gari ne zube, na bara da na bana, kowa ya zauna yana iya buɗewa ko ya kwafa. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa ce wa mai shagon ya goge. Uba ko uwa da suka kai takarda suna da haƙƙin su tsaya a goge ta a gabansu, a kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Wannan ba rashin kunya ba ne, kamar karɓar canji ne bayan ciniki.

Mu malamai kuwa akwai darasin rabin sa'a da nake ganin ya fi wasu babukan da muke haddatar da yara amfani. Kwamfuta ɗaya ta isa, ko ta darakta ce. A fara da sa Windows ta nuna wutsiyar fayiloli. A ɗauki PDF guda, a buɗe shi da 'yar manhajar rubutu ta Bloc-notes, yara za su ga tarkacen alamomi, amma a layin farko ga %PDF a fili. A canza masa wutsiya zuwa .jpg a sake buɗewa: %PDF na nan bai motsa ba. A buɗe takardar Word a ga PK. Na yi wannan da 'yan aji uku na kwaleji, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba su tsaya a kwamfuta ba; wani yaro ya ce ashe kamar ranar jarrabawa ne, da mai tsaro ba ya yarda da sunan da ka faɗa sai ya dubi katinka ya dubi fuskarka. Daga nan sai a nuna musu bambancin tura abu a WhatsApp a matsayin hoto da tura shi a matsayin takarda, wanda ke isa yadda yake ba a matse ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai canza wutsiya ya ɗauka ya juya fayil ba, kuma shi ne zai hana mahaifinsa girka "sakamakon jarrabawa".

Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye, har da na iyaye mata, su ma suna da abin yi wanda bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. Tun kafin sakamako ya fito, a zaɓi rana a makaranta a ɗauki takardun duk 'yan ajin ƙarshe a tsanake, da haske mai kyau, a maida su PDF da JPEG na gaskiya, a buɗe kowanne a tabbatar hatimi na karantuwa, a ba kowane yaro nasa, a goge sauran. Wayoyin zamani da yawa suna iya yin wannan ba tare da an shiga intanet ba. Ranar rajista sai ta zama ta cike gurabe kawai.

Amma nauyin farko yana kan masu ba da kwangilar gina shafukan. Ma'aikacin da ke karɓar aiki daga hannun mai fasaha ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya gwada. Ya ɗauki hoton gaskiya mai baƙuwar wutsiya ya ɗora, ya ga ko an karɓa. Ya ɗauki takardar Word ya sa mata .pdf ya ɗora, ya ga ko an gane. Idan shafin ya faɗi a ɗaya daga ciki, aiki bai ƙare ba, kada a biya. Ya kuma gwada da ƙaramar waya a wurin da layi ke da rauni, ba a ofishinsa na Yamai ba. Muna da Jami'ar Doso a nan jiharmu tun 2014, da matasa masu karanta fasahar sadarwa. Gwajin irin waɗannan shafuka kafin a buɗe su ga jama'a aiki ne da za su iya, kuma su sun san ƙauyukan da masu rajistar ke fitowa.

Sai maganar saƙon da shafi ke bayarwa idan ya ƙi abu. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan zai wuce takarda, to ga wuri mai sauƙi da za a fara. Maimakon jan rubutu na kalma biyu, shafin da ya riga ya leƙa cikin fayil yana da abin faɗa: "Wannan takardar Word ce aka sa wa sunan PDF. Buɗe ta, ka ajiye ta a matsayin PDF, ka sake ɗorawa." Ko kuma: "Hoton ya shiga, amma rubutun ba ya karantuwa, sake ɗauka a wuri mai haske." Bayan an karɓa kuma ya nuna wa mai ɗorawa ainihin abin da ma'aikacin ofis zai gani, domin idan da matsala a gyara tun yaro yana zaune gaban kwamfuta. A rubuta shi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a ƙasa kuma a sa lambar waya da mutum mai rai ke ɗauka har ranar da za a rufe rajista.